Kimiyyar Harshe a Matsayin Ƙaramin Fanni a Jami'a: Tsokaci Daga Gwarinpa

1.0 Gabatarwa

Ɗaliban da suke karanta kimiyyar harshe a jami'o'in Nijeriya kashi biyu ne. Akwai waɗanda suka ɗauke ta a matsayin babban fanni, wato ita ce za a rubuta a jikin takardar digirinsu. Akwai kuma waɗanda suke ɗaukar ta a matsayin ƙaramin fanni, a gefen wani fannin daban, kamar Hausa ko Larabci ko Ingilishi ko ilimin koyarwa ko aikin jarida. Kashi na biyu ya ƙunshi masu digirin haɗaka, da waɗanda dokar sashensu ta wajabta musu cin wasu kwasa-kwasan kimiyyar harshe kafin su sauke karatu, da kuma waɗanda suka zaɓi kwasa-kwasan don raɗin kansu. Ba safai ake jin an tattauna halin da wannan kashi yake ciki a tarurrukan masana ba, alhali kuwa daga cikinsu ake samun malaman Hausa na makarantun sakandare da masu fassara da ma'aikatan gidajen rediyo da talabijin, wato mutanen da hannunsu yake cikin harshe dare da rana.

Manufar wannan maƙala ita ce yin tsokaci a kan abin da ake koya wa wannan kashi na biyu. Abin da za a yi ƙoƙarin nunawa shi ne, an gina ƙaramin fanni ta hanyar yanko gutsattsarin babban fanni, ba tare da an tsaya an tambayi abin da mai ƙaramin fannin zai yi da ilimin ba. Sakamakon haka, ɗalibi yakan fita da sunayen ra'o'i da na masu ra'o'in a ka, amma kunnensa bai samu horon sauraren harshe da bayyana abin da ya ji ba. An zaɓi unguwar Gwarinpa ta Abuja a matsayin ma'auni, domin wuri ne da Hausa take gogayya da harsuna masu yawa, kuma irin wurin da ake tura waɗannan ɗalibai aiki ke nan bayan sun gama.

2.0 Yadda Aka Gaji Tsarin

Nazarin kimiyyar harshe a matsayin sashe mai zaman kansa ya fara ne a Jami'ar Ibadan a farkon shekarun 1960, inda masana irin su Ayo Bamgbose da Kay Williamson suka yi aiki. A Arewa kuwa, an kafa Cibiyar Nazarin Harsunan Nijeriya a Kwalejin Abdullahi Bayero ta Kano a 1969. Abin lura game da wancan zamani shi ne, koyarwa da bincike tafe suke kafaɗa da kafaɗa, saboda malaman da kansu suna cikin aikin tattara kalmomi da tsara ƙa'idojin rubutu da wallafa littattafan firamare, ɗalibansu kuma suna ganin yadda ake yi.

A 1989 Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa ta fito da ma'aunin karatu na bai-ɗaya ga dukkan jami'o'i. An yi masa bita a 2007, aka kuma sake fasalinsa a 2022. A ƙarƙashin tsarin kwasa-kwasai, kwas mai yunit 2 yana samun awa 2 a mako, zangon karatu kuma yana da kimanin mako 15 na darasi. Ke nan awa 30 ne kacal, idan ma ba a yi yajin aiki ba. Ba a nan matsalar take ba, domin awa 30 tana iya isar malami ya shuka abu mai amfani. Matsalar ita ce abin da ake zubawa a cikin waɗannan awoyi. Mai ƙaramin fanni yakan zauna aji ɗaya da mai babban fanni a kwasa-kwasan share fage, inda ake bi ta kan ilimin furuci da tsarin sauti da ƙirar kalma da ginin jumla da ilimin ma'ana da walwalar harshe, kowanne a ɗan taɓa shi a wuce, bisa zaton cewa za a dawo a zurfafa a shekara ta uku da ta huɗu. Mai babban fanni yana dawowa. Mai ƙaramin fanni kuwa a nan ake rabuwa da shi, ya zama ɗan rakiya, an nuna masa ƙofofin gida an hana shi shiga ko ɗaki ɗaya. Kwas ɗin da ake koyon zama da mai harshe a tambaye shi a rubuta, wanda shi ne ƙashin bayan fannin, yakan zo ne a can gaba, bayan ɗan rakiya ya riga ya koma sashensa.

3.0 Littattafai da Harshen Koyarwa

Ɗalibin Hausa mai ƙaramin fanni a kimiyyar harshe yana kai-kawo ne tsakanin azuzuwa biyu da ba su san juna ba. A ajin farko ana koyarwa da Ingilishi, daga littattafan da aka rubuta a Ingila ko Amurka domin ɗaliban can, misalansu kuma na Ingilishi ne. A nan yake haddace yadda ake furta jam'in sunayen Ingilishi, ya zana bishiyar li'irabi ta jumlolin da bai taɓa jin wani ya faɗa ba. A nan kuma ake gabatar masa da matakan da nahawun taciya ya bi, daga littafin Chomsky na 1957 zuwa na 1965 da na 1981 da na 1995, a cikin 'yan makonni, kowane mataki yana rushe wani ɓangare na wanda ya gabace shi tun kafin ɗalibi ya gane dalilin gina na farkon.

A aji na biyu ana koyarwa da Hausa, kuma a nan dole a yaba wa magabata. Galadanci (1976), ko da yake da Ingilishi ya yi rubutunsa, ya shimfiɗa bayanin yankin suna da na aikatau a tsarin da har yau ake cin moriyarsa. Bagari (1986) ya nuna cewa ana iya gabatar da ilimin bayanin harshe da Hausa tsantsa. Littafin keɓaɓɓun kalmomi da Dalhatu Muhammad ya tace (1990) ya ba malamai kalmomin aiki na bai-ɗaya, sannan Sani (1999) ya sauƙaƙa tsarin sauti yadda ɗan sakandare ma zai iya bi. Sai dai kuma waɗannan littattafai Hausa suka sa gaba, kuma daidaitacciyar Hausa ce mafi rinjaye a cikinsu. Wannan ba laifi ba ne ga mawallafan, domin abin da suka ƙudurta ke nan. Laifin yana ga tsarin da ya bar ɗalibi ya ɗauka cewa kimiyyar harshe da Hausa ita ce nahawun Hausa, kimiyyar harshe da Ingilishi kuma wani abu ne daban da ake haddacewa don jarrabawa. Ana samun ɗalibin da zai kawo ma'anar naso da misalansa a takardar Hausa da safe, da yamma kuma a tambaye shi abu ɗaya da Ingilishi ya kasa gane cewa tambayar da ya amsa ɗazu ce aka sake mata riga.

Akwai wata illa da ta fi wannan zurfi. Ƙa'idojin rubutun Hausa ba su nuna karin sauti da tsawon wasali. Saboda haka ɗalibin da ya san Hausa ta hanyar rubutu yana ganin kalma ɗaya a inda kunne yake jin biyu:

(1) kuka (zubar da hawaye), kuka (itaciya)
wuya (sashen jiki), wuya (wahala)
gari (birni), gari (niƙaƙƙen hatsi)

A misali na farko da na biyu karin sauti ne ya raba kalmomin, a na uku kuma tsawon wasalin gaɓar farko. Kusan kowane ɗalibi ya haddace waɗannan misalai, domin su ake ta maimaitawa. Amma a karanta masa sababbin kalmomi 10 a ce ya sa musu alamar karin sama da na ƙasa, a nan ake gane cewa hadda daban, ji daban. Wanda kuwa bai iya jin karin sautin harshensa na gado ba, babu yadda za a yi ya ji na harshen wani.

4.0 Gwarinpa a Matsayin Ma'auni

An ƙirƙiri Babban Birnin Tarayya a 1976, gwamnati kuma ta tare a cikinsa a watan Disamba na 1991. Rukunin gidajen Gwarinpa an gina shi ne a shekarun 1990, zamanin mulkin Janar Sani Abacha, a ƙasar da Gbagyi suke zaune tun kafin zuwan birnin. A yau ma'aikata da 'yan kasuwa daga kowane lungu na ƙasa ne suka cika shi. Ingilishi shi ne harshen ofis da makaranta, Turancin buroka yana da ƙarfi a titi, Hausa kuma ita ce ake yawan ji a bakin masu kayan miya da mahauta da masu gadi da direbobin keke mai ƙafa uku, waɗanda da yawansu ma ba Hausawa ba ne. Ga Yarabanci da Ibo da Tibi da Idoma da Ibira da Fulatanci a cikin gidaje. Idan ana neman wurin da za a gwada amfanin awa 30 ɗin da aka ambata, da wuya a samu wanda ya fi wannan.

Gwajin farko shi ne sunan unguwar kansa. Mai lura da allunan shaguna da takardun hukuma zai ga ana rubuta shi iri biyu, wato Gwarinpa da Gwarimpa, har wasu sukan yi gardama a kan wanne ne daidai. Wannan tambaya ce da ya kamata duk wanda ya zauna a ajin tsarin sauti ya warware ta nan take. A Hausa, kamar a harsuna masu yawa, ɗan hanci yakan nashe da baƙin da yake biye da shi ta fuskar wurin furuci:

(2) gidan Bala, ana furta shi gidam Bala
ɗan fari, ana furta shi ɗam fari
tambaya, kamfani, tumbi

Ƙa'idar rubutu ta ce a rubuta m idan nason ya auku a cikin kalma ɗaya, a bar n idan a kan iyakar kalmomi biyu ne. Ke nan mai rubuta Gwarimpa kunnensa ya bi, ya ɗauki sunan a matsayin dunƙulalliyar kalma, mai rubuta Gwarinpa kuma ya bar n a yadda take, furucin dai ɗaya ne. Harafin p ma abin dubawa ne, domin a Hausa p ba ƙwayar sauti ce mai zaman kanta ba, ɗaya ce daga cikin hanyoyin furta f. Shi ya sa kalmomin aro suka zama famfo da fensir da kafinta da firamare, shi ya sa kuma bakin Bahaushe yakan mayar da sunan Gwarimfa. Haka nan, a rubutun Yarabanci harafin p yana wakiltar wani sauti ne daban, wanda ake haɗa leɓe da hanɗa wajen furta shi. Darasin farko na ilimin furuci, wato bambanci tsakanin harafi da sauti, ga shi nan rubuce a kan allon kowace mahaɗar titi.

Gwaji na biyu ya shafi sunan masu ƙasar. Su suna kiran kansu Gbagyi ko Gbari, Hausawa kuma suna cewa Gwari. Hausa ba ta da sautin gb, wanda ake toshe iska a leɓe da hanɗa lokaci ɗaya wajen furta shi, mafi kusa da shi a rumbun sautukanta shi ne gw. Wannan bayani ne na tsarin sauti, amma akwai na walwalar harshe a bayansa. Kalmar gwaranci a Hausa ta wuce nufin harshen Gwari, ta koma nufin maganar da ba a fahimta, ko ta yaron da bai iya magana ba. Kalma ce da take ɗauke da tarihin yadda mai babban harshe yake kallon maƙwabcinsa. Malamin Hausa da aka turo Gwarinpa, idan ya jefa wannan kalma a aji don yi wa ɗalibi gyara, alhali a cikin ajin akwai 'ya'yan masu ƙasar, ya yi ɓarnar da bai san ya yi ba. Ya ci kwas ɗin walwalar harshe, ya san ma'anar hargitsa-balle da ta karin harshe, amma ba a taɓa sa shi ya juyo da madubin ya dubi harshensa ba.

Shi kuwa harshen Gbagyi, ɗan'uwan Nufanci da Gade da Ibira ne, daga babban gidan harsunan Neja-Kwango, ba shi da dangantakar asali da Hausa, wadda take cikin harsunan Cadi. Yana da karin sauti na tsakiya bayan na sama da na ƙasa, kamar yadda Nufanci da Yarabanci suke da shi. Edgar ya wallafa nahawunsa tun 1909, Hyman da Magaji kuma suka fito da nasu a Ibadan a 1970. Wani abin sha'awa shi ne, a fitacciyar maƙalar Hyman da Schuh (1974) game da dokokin karin sauti, Gwari yana cikin harsunan da aka kafa hujja da su wajen nuna yadda karin wata gaɓa yake malalowa kan gaɓar da take biye. Wato harshen da ake yi wa kallon gwaranci ya ba da gudummawa ga ra'in da ake koyarwa a jami'o'in duniya, amma ɗalibin da yake karatu a ƙasar masu harshen yana iya gama digiri bai ji an ambace shi ba.

Haka abin yake ga Gwandara, wanda ake magana da shi a Karshi da wasu sassan Babban Birnin Tarayya da Jihar Nasarawa. Babu harshen da ya fi shi kusa da Hausa, amma ya yar da bambancin jinsi na nahawu, wanda shi ne ginshiƙin jumlar Hausa. Wanda ya yi masa aikin da ake komawa gare shi masanin ƙasar Japan ne, Shuji Matsushita, a littattafansa na 1972 da 1974, shi ne kuma ya bayyana cewa karin Nimbiya yana da tsarin ƙirga mai tushe 12 maimakon 10. Abin da ɗalibin Hausa ya fi sani game da Gwandara shi ne hikayar nan da take cewa sunan ya samo asali daga “gwanda rawa da salla”. Hikaya ce mai daɗin faɗa, kuma ta cancanci a nazarce ta a matsayin adabin baka, amma wanda ya karanta kimiyyar harshe, ko da a matsayin ƙaramin fanni, ya kamata ya san cewa kamancin furuci kaɗai ba ya tabbatar da asalin kalma.

Gwaji na uku, wanda ya fi sauran nauyi, shi ne aji. Manufar Ilimi ta Ƙasa ta 1977, da bitar da aka yi mata a 1981, ta nemi kowane yaro ya koyi ɗaya daga cikin manyan harsuna uku, wato Hausa da Ibo da Yarabanci, bayan harshensa na gado. Wannan ya haifar da buƙatar koyar da Hausa ga waɗanda ba Hausawa ba, kuma a wuri kamar Gwarinpa irin waɗannan yara ne suka fi yawa. A ɗauka cewa an turo wani matashi mai digirin Hausa da ƙaramin fanni a kimiyyar harshe ya yi hidimar ƙasa a wata makaranta a unguwar. Ga irin abin da zai ji a makon farko:

(3) Amina ya zo, maimakon Amina ta zo
Ya so jiya, maimakon Ya zo jiya
Mun yi baki, maimakon Mun yi baƙi
Kafa tana ciwo, maimakon Ƙafa tana ciwo

Malamin da bai samu horo ba zai ɗauki dukkan waɗannan a matsayin rashin kula, ya yi ta jan layi da jan biro. Wanda ya samu horo kuwa zai ga cewa kowane kuskure yana da tushe. Yarabanci da Ibo da Gbagyi ba su bambanta namiji da mace a wakilin suna, saboda haka yaron bai ga dalilin ya da ta ba, sai an gina masa tunanin jinsi daga tushe, an kuma nuna masa cewa akasarin sunayen da suka ƙare da wasalin a mata ne. Yarabanci ba shi da z, shi ya sa zo ta koma so, maganin kuma shi ne a sa yaron ya ɗora yatsa a maƙogwaronsa ya ji bambancin mai ziza da marar ziza. Tunkuɗau ƙ da haɗiyau ɓ da ɗ kuwa sai an nuna yadda ake sarrafa maƙogwaro wajen furta su. A nan ma sanin harshen yaro yana rage wahala, domin a wasu kare-karen harshen Ibo sautin da ake rubutawa gb haɗiyau ne mai kama da ɓ, wato yaron yana da sautin a bakinsa, haɗa masa shi da harafin kawai ya rage.

Har ila yau, malamin zai tarar da 'ya'yan Hausawa daga wurare daban-daban a benci ɗaya. Wanda iyayensa Sakkwatawa ne zai ce zamna da amre da abduga, ɗan Kano ya ce zauna da aure da auduga, ɗan Zariya kuma ya ce rigan Audu. Klingenheben ya bayyana dokar da ta mayar da baƙin ƙarshen gaɓa zuwa w tun a ƙarshen shekarun 1920, kuma bayaninsa ya nuna cewa furucin Sakkwato ne ya riƙe tsohuwar siga. Malamin da ya san haka zai koya wa yaro daidaitacciyar Hausa don rubutu da jarrabawa ba tare da ya ce masa Hausar gidansu gurɓatacciya ce ba. Wannan ba ƙaramin al'amari ba ne a birnin da yaro yake neman hujjar barin harshen iyayensa ya koma Ingilishi.

Babu ɗaya daga cikin waɗannan gwaje-gwaje da yake buƙatar ilimi mai zurfi. Dukkansu suna cikin abin da aka taɓa a kwasa-kwasan share fage. Abin da ya ɓace shi ne sabon ɗaukar ilimin a ɗora shi a kan maganar da take fitowa daga bakin mutum.

5.0 Hujjar Masu Kare Tsarin

Masu kare tsarin da ake kai suna da hujjoji biyu da ba za a yi watsi da su ba. Ta farko ita ce, ra'i shi ne ya mayar da nazarin harshe kimiyya, idan aka cire shi abin da zai rage tarin misalai ne kawai. Wannan gaskiya ne. Sai dai ya kamata a tuna ta inda ra'in ya fito. Parsons (1960) bai kai ga giredin aikatau guda 7 ba sai da ya jera sigogi irin su saya da saye da sayar da sayo da sayu, ya saurari karin sautinsu da wasalin ƙarshensu. Leben (1971) ya gano dokar ɗaga karin ƙasa a ƙarshen kalma ne daga bin kalmomin Hausa ɗaya bayan ɗaya. Ɗalibin da aka ba shi mota da motoci, ƙasa da ƙasashe, kaza da kaji, ɓarawo da ɓarayi, aka bar shi ya gano da kansa cewa wasalin i da na e ne suke jawo ganɗantawa, ya riga ya yi aikin ra'i, kuma ba zai manta ba. Wanda aka ba shi dokar ya haddace, da ya fito daga ɗakin jarrabawa ya ajiye ta a bakin ƙofa. Abin da ake ƙorafi a kai shi ne jerin: an sa ra'i a gaba, an bar bayanai a baya, ɗan rakiya kuma ba ya kaiwa bayan.

Hujja ta biyu ita ce ta yawan ɗalibai da ƙarancin kayan aiki. Ajin share fage yakan cika maƙil, horon kunne kuma yana buƙatar ƙaramin rukuni da mai harshe da za a biya. Wannan ma gaskiya ne, kuma duk wanda ya taɓa duba takardun jarrabawar irin wannan aji ya san dalilin da yake sa malami ya gwammace tambayar “kawo ma'anar kaza” a kan tambayar da take buƙatar nazari. Amma yanayi ya sauya ta fuskoki biyu. Wayar hannu da take aljihun kusan kowane ɗalibi tana ɗaukar murya fiye da rikodar da magabata suka yi aiki da ita. Sannan a jami'o'in Abuja da Jos da Zariya da Maiduguri, masu harsunan suna zaune a cikin ajin kansa. Hansford da abokan aikinsa sun ƙirga harsuna 394 a Nijeriya a 1976, ƙididdigar baya-bayan nan kuma ta haura 500, da yawansu ba su da ko jerin kalmomi na kirki a rubuce.

Tsarin 2022 ya bar wa kowace jami'a kashi 30 cikin 100 na manhaja ta tsara da kanta bisa buƙatun muhallinta. A cikin wannan fili ana iya ware wa mai ƙaramin fanni kwas nasa na kansa, maimakon a ci gaba da cusa shi a bayan ajin masu babban fanni. Zangon farko a ƙare shi a horon kunne da rubutun sauti, a fara da karin sauti da tsawon wasalin Hausa, sannan a ƙetara zuwa harshen da ɗalibi bai sani ba. A zango na biyu a raba ɗalibai rukuni-rukuni, kowane rukuni ya zauna da mai harshe ɗaya, ya tattara kalmomi 200 da jumloli kaɗan, ya fitar da baƙaƙe da wasula da yadda ake jam'i da korewa, wannan rahoto kuma shi ne zai zama jarrabawa. Tarihin nahawun taciya a bar wa masu babban fanni, su da za su dawo su zurfafa. Haka kuma ya kamata a buɗe ƙofar kwas ɗin ga ɗaliban kimiyyar kwamfuta da na shari'a da na aikin lafiya, tun da yake masu ƙera manhajojin fassara da masu tafinta a kotu da asibiti duk da harshe suke aiki, galibi ba tare da wani ya taɓa nuna musu yadda aka gina shi ba.

Wani zai ce ɗalibin da bai yi nisa ba ba zai iya fitar da abin kirki daga irin wannan aiki ba. Rahoton rukuni ba zai zama nahawu ba, kuma kurakurai za su yi yawa a cikinsa, musamman wajen karin sauti. Amma lokacin da littafin nahawun Gwari ya fito a 1970, Larry Hyman ɗalibi ne, bai kammala digirinsa na uku ba sai 1972, sunan Daniel Magaji kuma yana jere da nasa a bangon littafin.